Yadda za ka yanka farashin aikin katafila da sare bishiya in sana'ar gefe kake yi

Tambayar da aka fi yi min tunda na shiga harkar nan ita ce, nawa kake karɓa a rana? Gaskiya duk wanda ya fara da wannan tambayar ya faro ta wutsiya, don kuɗin da wani ke karɓa a Kawo ba shi zai riƙe maka injinka a Rigasa ba, ba ka san nawa ya sayi nasa ba, ba ka san ko bashi ne a kansa yake neman na biya ko ta halin ƙaƙa ba. Ni ma'aikaci ne, lokacin da gwamnatin jihar Kaduna ta kawo tsarin aikin kwana 4 a mako a Disambar 2021 na samu sarari na sayi tsohuwar katafila, irin mai bokiti a gaba da hannun haƙa a baya ɗin nan, JCB 3CX, daga baya na ƙara da injin sare itace saboda kusan duk filin da aka kira ni sai na tarar da bishiya a tsaye tana jira. Shekarar farko na sha wahala sosai, aiki na shigowa, kuɗi na shiga hannu, amma ranar da famfon haidurolik ya mutu sai da na taɓa albashina kafin na tada injin. Ranar na gane ashe duk watannin nan albashina ne ke yi wa mutane ragi ban sani ba.

To ɗan'uwa, abu na farko ka zauna da biro da takarda ka fitar da abin da awa ɗaya ke ci maka. Awa ta agogon injin nake nufi, wanda ke jikin dashbod, ba agogon hannunka ba. Zan sa lambobi a matsayin misali kawai, kai ka cire nawa ka sa naka na yau.

Gas, wato dizal, shi ne babba. Irin wannan injin in yana haƙa sosai yana shan wajen lita 6 zuwa 8 a awa, ya danganta da tsufansa da taurin ƙasa da kuma ƙafar ofareta. Kada ka tsaya kan maganar wanda ya sayar maka, ka cika tanki taf da safe, ka rubuta lambar agogo, da yamma ka sake cikawa ka raba litar da ta shiga da awannin da aka yi, ka yi haka sau 3 a wurare daban daban za ka san gaskiyar injinka. Mu ƙaddara lita 7 ce, gas kuma naira 1,200, ka ga 8,400 ke nan. Ofareta da yaronsa a ce 20,000 a rana har da abinci, ka raba wa awa 8, ya zama 2,500. Sabis, wato baƙin mai da filtoci da giris, in kana yi duk awa 250 kuma yana cin 150,000, to 600 ne a awa. Waɗannan ukun kowa na tunawa da su saboda a ranar ake zaro kuɗinsu daga aljihu.

Guda biyun da ke kashe mutane su ne waɗanda ba a gani. Na ɗaya kuɗin gyara, tiyon haidurolik da ke fashewa ba sallama, haƙoran bokiti da marmara ke cinyewa, fin da bushin, sil ɗin silinda, batir, uwa uba tayar baya wadda kuɗin guda ɗaya ya isa ya cinye ribar wata. Ka ware ko 3,000 ne a kowace awa ka sa a wani asusu daban wanda ko katinsa ba ka yawo da shi. Na biyu shi ne tsufan injin kansa. A ce miliyan 30 ka saya, kana sa ran zai ƙara maka awa 5,000 kafin ya gaji ka sayar miliyan 10, to miliyan 20 ɗin nan da ta narke, a cikin ramukan mutane ta narke, 4,000 ke nan duk awa. In ka haɗa duka za ka samu 18,500, kuma har yanzu fa ko sisi ba ka ci ba. Sai ka ɗora riba, ni ba na yin ƙasa da kashi 30 cikin 100, ka ga an doshi 24,000 zuwa 25,000 a awa, ranar awa 8 kuma wajen 200,000. Wannan lambar ita ce katangarka, duk cinikin da za a yi a samanta za a yi shi.

Akwai abin da ya shafe mu masu yin ta a gefe musamman. Mai kamfani injinsa na fita kusan kullum, kai kuwa Juma'a da Asabar da Lahadi ne naka, wani makon ma ba komai, amma kuɗin mai gadi da na wajen ajiya ba su san da haka ba, batir na mutuwa a zaune, taya na tsagewa a rana. Saboda haka kada ka ce ai ni ina da albashi bari in karya farashi in samu kwastoma. Ka cuci kanka, ka kuma cuci wanda da wannan aikin kaɗai yake ciyar da gidansa.

Sai maganar mafi ƙarancin aiki. Wani zai kira ka ya ce ɗan ramin sokawe ne, awa ɗaya ka gama. Eh awa ɗaya ce haƙar, amma injin zai taso daga Mando ya ratsa gari ya tsallake kogi zuwa Sabon Tasha a kan tayarsa, yana tafiyar da ba ta wuce ta Keke Napep ba, yana shan gas yana cin taya, ofareta kuma kuɗin yini zai karɓa. Ni ƙasa da awa 4 ba na fita, ko aikin minti 40 ne kuɗin rabin yini ne, kuma kuɗin tafiya daban nake faɗa tun a waya. In wajen gari ne kamar Zariya ko Kachia to lobed za a ɗauka, wato doguwar motar ɗaukar inji, kuɗin lobed zuwa da dawowa na mai aiki ne, haka kuɗin gadi in injin zai kwana a can. Dabarar da ke taimaka min a sababbin unguwanni irin Millennium City ita ce in ce wa mai aikin ya tambayi maƙwabtansa masu gini, in aka samu mutum 3 a layi ɗaya sai su raba kuɗin tafiyar, kowa ya samu sauƙi ni ma na cika yinina.

Kuɗin awa ko kuɗin jimla? In ka san ƙasar, ka taɓa haƙa a layin, ka yanka jimla, mutane sun fi son su ji lamba ɗaya kuma in ofaretanka gwani ne ribar saurinsa taka ce. In ba ka san ƙasar ba ka tsaya a kan awa. Ƙasar Kaduna ba ta da tabbas, sama jar ƙasa mai laushi, ka nutsa mita ɗaya ka ci karo da marmara, wani wajen ma dutse ne fal wanda bokiti ba ya yi masa komai sai an kawo abin fasa dutse. Ta wajen fadama kusa da kogi kuma a watan Agusta kana haƙawa ruwa na cikawa gefen ramin na zubowa, injin ma na iya kafewa ka kwana biyu kana neman mai janyo shi. Ko jimlar ka yanka ka faɗa da bakinka ka kuma rubuta: Alhaji wannan kuɗin na ƙasa ne, in an tarar da dutse za mu tsaya mu sake magana. Kwashe ƙasar da aka haƙo ma ba ta cikin kuɗin haƙa, duk tifa da kuɗinta.

Wasu za su ce su za su kawo gas ka rage musu. Ina yarda amma da sharaɗin yarona ya bi su gidan mai a zuba a gabansa, don gas ɗin jarka na 'yan bumburutu in aka samu wanda aka gauraya da kananzir ko ruwa ya shiga, famfon injekta zai tafi, kuma ranar ba za ka ga mai aikin ba.

Yanzu bishiya. Nan lissafin awa ba ya aiki sosai, don abin da ake biya a sare bishiya haɗari ne, girma na biye. Ƙaton dogon yaro a fili fetal wanda za ka kayar ta duk inda ka ga dama, aikin awa 2 ne. Mangwaro matsakaici a tsakar gida a Tudun Wada, reshe ɗaya kan kwanon maƙwabci, ɗaya kan wayar wuta, ƙasa kuma tankin ruwa da katangar bulo, wannan sai mutum ya hau da igiya ana yanko shi gunduwa gunduwa ana saukewa a hankali, yini guda ne da mutum 4, kuɗinsa zai iya ninka na farkon sau 3 ko 4 kuma daidai ne. Shi ya sa ban taɓa yanka kuɗin bishiya daga hoton WhatsApp ba tun bayan wata bishiyar turare da na yi wa kuɗi a waya, na je na tarar ta karkata kan ɗakin mutane kuma gindinta gara ta cinye, na riga na yi magana dole na cika, na biya ƙarin ma'aikata 2 daga aljihuna.

In ka je ka zagaya ta sau biyu. Ka duba ina ta karkata, ka ƙwanƙwasa gindin da bayan gatari ka ji ko akwai kogo, ka ɗaga kai ka duba busassun rassa da zuma, ka duba ƙusoshi da wayoyin da aka ɗaɗɗaure a jikinta don ƙusa ɗaya ta isa ta lalata sarƙar injin sare itace, ka duba ko mota za ta iya shiga lungun ko da baro za a fito da itacen. Sannan ka lissafa ladan mai hawa, wanda ya kamata ya fi na kowa don ransa ya rataya a igiya, da na masu jan igiya, da fetur da man gauraya da man sarƙa. Tun cire tallafin fetur a Mayun 2023 wannan ɓangaren ya daina zama ƙaramin abu. A kan jimlar sai ka ɗora kason haɗari gwargwadon abin da zai fashe in an samu kuskure, domin in reshe ya faɗa kan kwanon wani kai za a riƙe ba mai gidan ba. In rassan sun shiga wayar wuta kada yaronka ya hau sai ma'aikatan Kaduna Electric sun kashe layin, kuma wanda ma babbar waya ce ta bi ta kansa ni haƙura nake da shi ko nawa za a ba ni.

Ka raba kuɗin kashi uku ka faɗa wa mai gida a fili, kayarwa da yankawa, tone kututture, sai kwashewa. Mafi yawan rigima a kan kututture take, shi a ransa in ya ce a cire bishiya har saiwa yake nufi, kai kuma a ranka yankewa daidai ƙasa. Tone gindin tsohon dogon yaro ko malaina aikin katafila ne, sai ka koma kan lissafin awa da mafi ƙarancin nan, kuma ka gargaɗe shi tun wuri in saiwar ta shiga ƙarƙashin katanga ko fandisho jan ta zai iya tsaga ginin.

Itacen kuma na wa ne? A gama wannan kafin a tada inji. Maɗaci mai kauri masu katako na so, mangwaro da dogon yaro masu gidan burodi da masu sayar da itacen girki na saye. In mai gida ya ce ka ɗauki itacen a madadin kuɗi, kada ka amsa sai ka kira mai saye ya zo ya gani ya taya, sannan ka cire kuɗin yanka da lodi da mota, abin da ya rage shi ne ragin da za ka iya yi. Ka kuma tabbatar wanda ya kira ka shi ke da iko da bishiyar, gidan haya ka ji daga bakin mai gidan, gidan gado ka tabbatar magada sun yarda ko a sa mai unguwa a ciki, ta bakin titi kuwa ba ta mai gida ba ce, sai ya nuna maka takardar izini daga hukuma.

Wajen ciniki, in an ce Malam a duba mana, ni ba na rage kuɗi haka kawai, aiki nake ragewa. Sai in ce to Yallaɓai ku kwashe rassan da kanku a cire kaza, ko a bar kututturen zuwa wani lokaci. In ka zabge kashi 40 daga magana ɗaya ka nuna masa da can ƙarya ka faɗa. In dillali ne ya kawo aikin ka sa la'adarsa cikin lissafi tun farko. Dangi da abokan ofis su ne masu wuya, Kawu zai ce injin ɗanmu ne, to ka yafe ribarka in ka yi niyya Allah ya ba da lada, amma gas da ladan ofareta da kason gyara a biya, ka faɗa cikin ladabi tun kafin injin ya fito.

Kafin alƙalami rabin kuɗi ne, ya shigo kafin a tada inji, ragowar kuma kafin injin ya bar wajen. Ka tura saƙo ɗaya a WhatsApp mai ɗauke da tsawo da faɗi da zurfin ramin, abin da ke ciki da wanda ba ya ciki, da maganar dutse, da cewa shi zai nuna inda bututun ruwa da wayar ƙasa suka bi, ya amsa da na yarda. Ka ɗauki hoton agogon injin a gabansa da safe da kuma lokacin tashi. Farashin da ka ba shi ka ce na kwana 7 ne, in ya dawo bayan wata 2 ka duba kuɗin gas na ranar ka sake buga lissafin daga lita 7 ɗin nan.