Yadda Ake Zagayawa da Baƙo Wuraren Shan Fura, Kunun Aya da Shayi a Maraɗi

A manyan biranen Faransa irin su Faris da Bordo, wanda ya yi baƙon da yake ji da shi yakan kai shi gidajen ɗanɗana giyar inabi, su zauna ana tambayar yankin da aka nomo inabin da shekarar da aka tsinke shi. Mu a Maraɗi giya ba abin shanmu ba ce, addininmu ya hana. Amma karrama baƙo da abin sha mai kyau, da sanin hannun da ya yi shi, wannan namu ne tun kaka da kakanni. Abin da ke damuna shi ne yadda yanzu mutum zai yi baƙo daga Kano ko Yamai, ya dire masa lemun kwalba, irin wanda ya baro a garinsu, ya ce ya fita kunya.

Wuraren da suka fi kowane iya abin sha a garin nan ba su da allo a ƙofa. Wata inna ce a gindin bedi da ƙwaryarta, wata Hajiya ce a cikin gida da firjinta, wani saurayi ne a ƙofar gida da butarsa. Kowannensu yana da lokacin da abinsa ke kan ganiya, kuma in lokacin ya wuce ka yi asara ko da ka gane wurin. Saboda haka da agogo ake tsara wannan yawo.

Mataki na farko: ka zaɓi rana, ka gyara aljihu

Litinin da Juma'a su ne ranakun cin babbar kasuwar Maraɗi, ranar da mutanen ƙauyuka ke shigowa da kaya, har da masu nono. Na fi son Litinin, domin ran Juma'a tsakar rana ta masallaci ce, kuma daidai lokacin ne fura ke kankama. Ka tambayi baƙonka tun da dare ko yana da ciwon suga, ko hawan jini, ko gyambon ciki, don yawancin abin da za ku sha da suga ake yi, wani kuma da yaji.

Ka tanadi canji. In baƙon daga Najeriya ya zo, ka koya masa lissafinmu kafin ya ji kunya a gaban mai talla: dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, dala ɗari sefa 500, jika ɗaya sefa 1000. Mai fura ba ta da canjin jika biyar, kada ka ɗora mata wahalar yawon nema. Wajen zirga-zirga kuwa adaidaita ta fi kabu-kabu dacewa da mutum biyu, ku zauna tare kuna hira kana nuna masa gari.

Mataki na biyu: safe, kada a cika ciki

Koko da ƙosai a bakin titi, ko kunun tsamiya mai ɗumi, kofi ɗaya ya isa. Ku je kafin rana ta ɗaga, lokacin da ƙosai ke fitowa daga mai. Kada ka bari baƙo ya ƙoshi a nan, babban aiki yana gaba.

Mataki na uku: fura, tsakanin hantsi da azahar

Nan ne ake gane wanda ya san gari. Ka nufi tsofaffin unguwanni da ke kewaye da fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, irin su Bagalam, Ƴandaka, Maradawa, Ɗan Gulbi da Limanci, ko kuma gefen babbar kasuwa inda masu nono ke sauke ƙorensu. A kan hanya ka ba baƙon labarin unguwannin: asalin garin a cikin fadamar Gulbin Maraɗi yake, ambaliyar 1945 ce ta cinye shi, aka tashi mutane zuwa tudu, suka hau da sunayen unguwanninsu. Gidajen da suka gaji dakan fura suna cikin waɗannan lunguna. In ba ka san kowa ba, ka tambayi dattawan da ke zaune a ƙofar masallacin unguwa, ko ɗan kabu-kabun da ya manyanta. Kada ka ce "ina ake sai da fura?", kowa zai nuna maka ta kusa. Ka ce, "Baba, furar wa kuke sha in kun yi baƙo?"

Da kun isa, gaisuwa tukuna. "Inna, ina wuni, ina gajiya, ya kasuwa?" Sai ka ce a dama muku a gabanku. Wannan ba rashin yarda ba ne, haka ake yi, kuma mai abin kirki tana jin daɗin a kalli aikinta. Ka dubi curin furar kafin a jefa a ƙwarya. Ta yau tana da laushi, tana murmushewa a ƙarƙashin ludayi ba gardama, ƙamshin gero da citta da kanumfari na tashi. Wadda ta kwana bayanta ya bushe ya tsattsage, kuma tsaminta na hawa hanci. In ka ji ƙasa-ƙasa a haƙori, ba a rege geron da kyau ba, ka sha abin da ka iya ka yi godiya, gobe ka canza wuri.

Nono shi ne rabin fura, kuma shi aka fi yi wa algus. Ka roƙi a ɗan zuba maka a ludayi ka ɗanɗana shi kaɗai. Kindirmo yana da kauri da maiƙo, tsaminsa a hankali yake zuwa. Nonon da aka kaɗe aka cire mai ya fi ruwa-ruwa, ya fi tsami, kuma ba laifi ba ne, wasu ma shi suka fi so da zafi. Abin da za ka lura da shi shi ne wanda aka tsinka da ruwa sannan aka ƙara garin kuka don ya yi kauri, ko wanda aka haɗa da madarar gari aka ce na shanu ne. Ka tambaya kai tsaye cikin ladabi: "Inna, na shanu ne ko na gari?" Yawancinsu za su gaya maka gaskiya. Ka kuma tambaya ko an dafa madarar kafin a kwantar da ita, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko cutar tarin fuka da baƙƙale, ciwon da ke sa shanu ɓari, daga dabba zuwa mutum.

Lokacin shekara ma yana da nasa. Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, shanu sun ƙoshi da ɗanyar ciyawa, nono ya wadata. Daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba sabon gero ke shigowa. In baƙonka ya dace da ɗan tsakanin nan da sabon gero ya tarar da nonon damina bai janye ba, to ya sha furar da zai daɗe yana labari. Da bazara kuwa, Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, nono na tsada, algus na yawa, sai ka ƙara sa ido.

Shawarata ita ce baƙo ya fara kurɓa biyu ba suga, ya ji geron da nonon, sannan a zuba masa daidai bakinsa. Suga da yawa yana rufe aibin fura, yana kuma rufe daɗinta.

Bayan nan ku koma gida ku yi sallar azahar ku kishingiɗa. Fura tana kawo barci, kada ka yi faɗa da shi.

Mataki na huɗu: la'asar, abin sanyi

Idan akwai abin da bai kamata baƙo ya bar Maraɗi bai sha ba, kunun aya ne. Jihar Maraɗi ce kan gaba wajen noman aya a Nijar, daga gonakin wajen Agye, Cadawa da Madarunfa, kuma ayar nan tana tafiya Najeriya, tana kaiwa har Sifen, inda mutanen yankin Balensiya ke yin nasu abin sha da ita. Wato abin da ake lodawa a mota a kai nesa, a nan yake a bakin gonarsa. Mai kyau fari ne mai ɗan duhu, da kauri, zaƙinsa na aya da dabino ne, wasu su ƙara kwakwa da ƴar citta. In ya tsaya ya kwanta a ƙasan gora ba komai, girgizawa ake yi. Amma in ka buɗe ka ji ya yi tsiit, ko yana yauƙi, ko ya ɗauko tsami, ka ajiye. Kunun aya ba ya jure zafi, cikin ƴan sa'o'i yake juyawa in ba sanyi. Don haka ka fi amincewa da matan da ke yi a gida, a sababbin unguwanni irin Zariya da Ali Ɗan Sofo da wajen Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, waɗanda kayansu ke ƙarewa kullum. Ka aika tun da safe a ajiye muku, ka kuma tambaya ko wuta ta ɗauke da rana.

Zoɓo, wanda wasu a nan ke kira bisab, a launi ake fara gane shi. Ja mai haske da ɗan tsami shi ne na asali. In ya yi baƙi-baƙi kuma tsamin ya mutu, an sa kanwa. In ja ne mai ƙyalli da ƙamshin alewa, garin kanti ya fi zoɓon yawa. Wanda jininsa ke sauka ya sha kaɗan, zoɓo yana ɗan rage hawan jini. Jinja kuma, ta citta da lemun tsami ko tsamiya, ba ta mai gyambon ciki ba ce.

Sai maganar ruwa da ƙanƙara, wadda ba na wasa da ita. A 2018 kwalara ta ɓarke a jihar nan, ta faro daga yankin Madarunfa, ta ci rayuka. Abin sha mai kyau yana iya lalacewa da ƙanƙarar da aka ja a ƙasa aka fasa da dutse. Ka fifita abin da aka sanyaya a firji a cikin gorarsa a kan wanda aka jefa wa ƙanƙara. Ka dubi gorar, ka dubi bakinta, ka dubi ruwan da ake ɗauraye kofuna. Baƙonka amana ne a hannunka har ya koma gida.

Mataki na biyar: bayan isha'i, shayi

Shayi iri biyu ne a garin nan, kada ka haɗa su. Akwai na mai tebur, Lipton ko Nescafé da madara da burodi da soyayyen ƙwai, wanda za ka samu a tashoshin mota da manyan mahaɗu har tsakar dare. Wannan abinci ne, ya dace da ranar da baƙo ya sauka a gajiye. Wanda nake so ka kai shi shi ne na fada.

Fada ita ce majalisar samari da magidanta a ƙofar gida, benci da tabarma da rediyo, abin da ya yaɗu a biranen Nijar tun shekarun 1990. Shayinta koren ganye ne na Sin, a ƴar ƙaramar buta bisa gawayi, dafuwar da muka koya wurin Buzaye da Larabawan Sahara. Ba a sayar da shi, ba a kuma faɗawa fadar da ba a san ka ba da baƙo a bayanka. Ka kai shi taka, ko ta abokinka, ka sanar da su tun da rana. Ka riƙo ganyen shayi da suga da na'ana'a, ka biya wurin mai nama ka sayo tsire ko balangu, ko ƙullin gyaɗa. Ka gabatar da shi da sunansa da garinsu, a ba shi wuri kusa da babban fada.

Ka gaya masa tun a hanya cewa zagaye uku ne, kuma zai ci sa'a guda ko fiye. Na farko ɗaci ne da ƙarfi, shi ya sa ba a shan sa da yunwa, yana iya tayar da zuciya. Na biyu shi ne daidai, ɗaci ya sauka, na'ana'a ta fito. Na uku zaƙi ne, mara nauyi. Ganye ɗaya ne ake ta ƙara wa ruwa da suga. Ya zuba ido ya ga yadda mai dafawa, wanda galibi shi ne ƙaramin cikinsu, ke ɗaga buta sama yana tsiyayawa a ɗan kofin gilashi, ya mayar, ya sake, har kumfa ta tsaya. Wannan juyin yana narkar da suga, yana rage zafi, kuma da tsayuwar kumfar ake auna gwaninta. Kofunan kaɗan ne, biyu ko uku ga mutum goma, don haka in an miƙo masa ya kurɓe da zafinsa ya mayar a kan faranti, kada ya riƙe yana hira wasu na jira. Tashi bayan na farko ba daɗi, sai da uzuri. In shayi na hana shi barci, ya sha na farko kaɗan ya jira na uku, ba wanda zai ga laifinsa. Mai ƙarancin jini kuma ya bar tazara tsakanin cin nama da shayin, domin shayi mai ƙarfi yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci.

In baƙuwa ce ko dattijo

Fada wurin maza ce. In baƙuwarka mace ce, ko surukinka ne, ko malami, sai a juya tsarin: abin ya zo gida. A aika yaro da kwano mai murfi ya karɓo curin fura da nono daban-daban, uwargida ta dama da hannunta, a yi odar kunun aya, da dare a kira ƙane ya dafa shayi a tsakar gida ko a zaure. Ga dattijo ka ƙara da tukuɗi in za a samu, na gero da dabino da cuku, tsofaffi suna son sa.

Da azumi kuwa duk wannan jeri yana matsewa ya koma tsakanin magariba da sahur. Kunu da zoɓo da kunun aya wajen buɗa baki, shayi bayan asham, fura ta zama ta sahur. Masu yi da kyau kayansu na ƙarewa tun kafin la'asar sakaliya, don haka a watan nan ka ba da kuɗinka da kwanonka tun da hantsi.