Yadda ake gano taurin sifirin daga makamashin da ya tara

Bakaniken babur a Ƙofar Ƙaura yakan danna sifirin shokozoba da hannu ya ce ya saki. Amma hannu ba ya ba da adadi, sai lissafi, wanda shi ne dai ɗaliban fiziks ke karo da shi a WAEC.

Tushensa dokar da Robert Hooke ya wallafa a Ingila a 1678: F = kx. F ƙarfin dannawa ne da nuton, x tsawon da sifirin ya lotsa da mita, k kuma taurinsa. Makamashin da ya tara, da jul, shi ne E = ½kx². In aka juya: k = 2E/x², F = 2E/x.

A gwada da sifirin shi kaɗai, don man shokozoba yana shanye makamashi. A bar wa bakanike cirewar, tunda a danne yake, yana iya fizgewa ya ji wa mutum ciwo. A zura shi a sandar rodi tsayayya, a saki ƙarfe mai huda, mai kilo 5, ta sandar daga santimita 35 a samansa. A ɗauki bidiyo da waya, da rula a gefe, don ganin iyakar lotsawa. A ce ya lotsa santimita 5. Ƙarfen ya sauko 35 da 5 ke nan, mita 0.40. Makamashin faɗuwar shi ne kilo sau jan ƙasa (kusan 10) sau tsayin da ya sauko. Sai E = 5 × 10 × 0.40 = jul 20. Taurin sifirin, 2E/x²: 40 ÷ 0.0025 = nuton 16,000 a kowace mita. Ƙarfi a ƙarshen lotsawa: 40 ÷ 0.05 = nuton 800, kusan nauyin kilo 80.

Rabin nan na cikin ½kx² shi ne inda aka fi tuntuɓe. Ƙarfin yana farawa ne daga 0, yana hawa har 800. Wanda ya raba 20 da 0.05 kawai zai samu 400, matsakaici ke nan, ba ƙololuwa ba. Na biyu, santimita: aka sa 5 maimakon 0.05, taurin zai ragu sau 10,000, saboda x ana ninka shi da kansa. Shi ya sa lotsawa ninki biyu ke tara makamashi ninki huɗu.

Dokar tana da iyaka. In zobban sifirin suka haɗu da juna, ko bai koma tsawonsa na farko ba, a watsar da gwajin, a rage tsayin da ake sakin ƙarfen, a sake.