Yadda za ka shirya shafukan majigi kafin kare kundinka

Ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da ke shirin tsayawa gaban malamai, fara da biro da takarda, tun ba ka buɗe PowerPoint ba. Rubuta magana guda da kake son su tashi da ita.

Sai ka raba ta shafi-shafi. In minti 15 aka ba ka, shafi 10 zuwa 12 sun isa. Kowane shafi batu ɗaya, layi kada ya wuce biyar, girman harafi kada ya gaza 24. Nan ne yawancinmu ke tuntuɓe: na taɓa ganin yaro ya kwafe babi sukutum ya liƙa, ya ba malamai baya yana karanta bango, na bayan ɗaki sai mutsuttsuke ido suke. Ya ba ni tausayi ƙwarai. In kan gyaɗa ko gero ka yi bincike, sa hoton gonar da ka ɗauka da kanka.

Ajiye kwafin PDF a wayarka, ka buga wani a takarda, don wuta kan ɗauke ba sallama.

Ranar, iso da wuri, gwada igiyar HDMI da ke haɗa kwamfuta da majigi, danna maɓallin F5 don fara nuna shafukan, ka fuskanci mutane ka yi sallama.