Kurakuran da ke cinye takin masarar rani

Masarar rani akwai ci, balle ingantaccen iri mai yawan yabanya. Amma asarar da ake tafkawa a wurare irin su Kadawa da Bakolori ba kullum daga ƙarancin buhuna take ba. Sau da yawa yadda aka zuba takin ne, da ruwan da aka sako masa a baya.

Babban kuskure shi ne a watsa yuriya a kan ƙasa a tafi a bar ta. In ba a rufe ta ba, wani kaso iska ke kwashewa. Wani kuma yana gama zubawa sai ya tada inji ya cika fangali har ya tumbatsa, ruwa ya yi ƙasa da takin inda saiwa ba ta kaiwa. Da damina sai a ce sama ce ta wanke, da rani kuwa hannunka ne. Maimakon haka, a tona ɗan rami kamar yatsu huɗu daga gindin shuka, a auna da murfin kwalba, a rufe, sannan a ba da ruwa daidai jiƙa ƙasa. In gonar rairayi ce, a raba yuriyar kashi biyu.

Sai masu jira ganye ya yi rawaya kafin su nufi kasuwa. Kafin nan masara ta riga ta sha wuya, goyonta kuma zai nuna. Kamfa, wato takin NPK mai haɗe da sinadaran naitirojin da fosfaras da fotash, ta shiga lokacin shuka ko cikin mako 2 na farko, yuriya kuma a mako na 4 zuwa na 6, masara na kai gwiwa.

Yuriya zalla ma yaudara ce: ganye shar, kara dogo, goyo ba nauyi. Yuriya naitirojin kawai take bayarwa, alhali hekta ɗaya na neman kusan kilo 120 na naitirojin, da 60 na fosfaras, da 60 na fotash. Wato buhu 8 na NPK 15:15:15, a bi da buhu 2 da rabi zuwa 3 na yuriya.

Kuma ba kowane sauyin launi ke kiran yuriya ba. Rawayar da ta faro daga tsinin ganyen ƙasa ta bi tsakiyarsa, wannan yunwar naitirojin ce. In gefen ganyen ne ya ƙone, fotash ne. Ganye mai ruwan shanshanbale a hunturu kuwa fosfaras ne saiwa ta kasa ja saboda sanyi, yakan warware in gari ya ɗumama. Kada ka ƙara masa yuriya.