Kurakuran da aka fi yi wajen fassara fina-finan Indiya da Koriya zuwa Hausa

Yawancin masu fassara fina-finan Asiya, masu ɗora murya ne ko masu rubutu a ƙasan allo, rubutun Turanci suke bi, domin masu jin Koriyanci ko Telugu, wani harshen kudancin Indiya, a cikinmu ƙalilan ne. Wannan ba aibu ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne Turanci yana zubar da abubuwa da yawa a hanya, kuma akasarinsu Hausa tana da mazubinsu. Wanda ya bi Turancin ido rufe, sai ya yi asarar abin da yake da shi a gida.

Kuskuren da ya fi kunyata mai fassara shi ne na jinsi. Turanci kalma ɗaya yake da ita a madadin kai da ke da ku. Koriyanci da Japananci sau da yawa ba sa ma ambatar wanda ya yi aiki, Sinanci kuwa a furuci bai raba shi da ita ba. Hausa ba ta yarda da wannan ba, dole a ce ya tafi ko ta tafi. Shi ya sa ake jin saurayi yana ce wa budurwa "ina son ka", musamman idan an zuba rubutun a manhajar fassara. Sunaye ma ba su da tabbas: Kiran a Indiya, Harpreet a Punjab, Ji-woo a Koriya, maza da mata duk suna amsa su. Kada a fassara daga fayil ɗin rubutu shi kaɗai. A kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe tukuna, a rubuta jerin duk waɗanda suka fito da jinsinsu da dangantakarsu da juna. A fi sa ido a wurin hirar waya da inda ake zancen wanda ba ya nan, can kuskuren yake ɓuya.

Sai dangantaka. Hindi ya raba chacha, ƙanin uba, da mama, ɗan'uwan uwa. Ya raba bua, 'yar'uwar uba, da mausi, 'yar'uwar uwa. Turanci yakan tattara mazan a kalma ɗaya, matan a ɗaya, sai mai fassara ya mayar da kowa kawu da anti. Ga baffa, ga kawu, ga gwaggo, ga inna, kowanne da gurbinsa. Jethani da devrani, matan wa da ƙani, su ne faccaloli, kuma rigimar gidan haɗaka a fim ba ta fitowa sosai sai an kira su da sunansu. A buɗe kunne a saurari kalmar da ɗan wasan ya furta, ko ba a jin harshen. Kalmomin nan ba su da yawa, ana iya haddace su a zama ɗaya.

A fina-finan Telugu akwai bava, wanda yake nufin mijin 'yar'uwa, yake kuma nufin ɗan kawu ko ɗan gwaggo da al'ada ta yarda a aura. Idan aka fassara shi da suruki alhali yarinya tana son sa, mai kallo zai ɗauka abin kunya ake nuna masa, bayan auren zumunci ne irin wanda ya saba gani.

Koriyanci ya fi wannan tsanani. Namiji yana kiran wansa hyung, yayarsa noona. Mace tana cewa oppa da unni. Ana kiran wanda ba ɗan'uwa ba da su idan an shaƙu, budurwa ma takan kira saurayin da ya girme ta oppa. Yaya ta ɗauke wannan nauyin duka. A shirin Squid Game na 2021, Ali, baƙo ɗan Pakistan, yana kiran Sang-woo da kalmar da ake kiran maigidan aiki, har shi Sang-woo ya ce ya riƙa ce masa hyung. Rubutun Turanci ya maye gurbinta da sunan mutumin kawai. A Hausa daga "yallaɓai" zuwa "yaya" ne, kuma ba tare da wannan ba, cin amanar da ya biyo baya ba zai yi wa mai kallo zafin da ya kamata ba.

Haka matakan girmamawa. Hindi yana da tu da tum da aap, matakai uku na cewa kai ko ke; Koriyanci yana da maganar ladabi da ta sa'anni. Duk inda yaro ya sauka daga ɗaya zuwa ɗaya a gaban babba, wani abu ya faru. A yi amfani da ku ta girmamawa, da ranka ya daɗe, da sakaya suna irin baban wane da maman wance, wanda Koriyawa ma suke yi.

Lissafi yana kayar da mutane da yawa. A Indiya lakh dubu 100 ne, crore miliyan 10. A Koriya man dubu 10 ne, eok miliyan 100, don haka kyautar eok 456 ta shirin Squid Game ita ce won biliyan 45.6. A bar kuɗin da sunansa, rupee ko won, kada a juya shi zuwa naira ko sefa, canji ba ya zama wuri ɗaya.

Sunan dangi shi ke zuwa farko a Koriya da Sin: Bong a Bong Joon-ho mai ba da umarnin fim, Han a Han Kang da ta karɓi kyautar Nobel ta adabi a 2024. Mace ba ta ɗaukar sunan dangin mijinta, saboda haka bambancin suna tsakanin uwa da 'ya'yanta ba ya nufin matar uba ce.

A tabbatar da tushen da ake bi. Fim ɗin RRR na 2022 da Telugu aka yi shi, wanda ya bazu a Netflix kuwa muryar Hindi ce aka ɗora. Fim ɗin Drishyam na harshen Malayalam ya fito a 2013, na Hindi a 2015, sunayen mutanen cikinsu daban, rubutun ɗaya ba ya hawa kan ɗaya. A Netflix kuma sau da yawa rubutun Turanci iri biyu ne. Mai alamar CC yana bin muryar Turanci da aka ɗora, wadda aka lanƙwasa don ta dace da motsin leɓe. Ɗayan ya fi kusa da asali, shi za a ɗauka.

A ɓangaren na'ura, layi biyu ne iyakar rubutun ƙasan allo, kowanne kada ya wuce haruffa 42, kada rubutu ya zauna fiye da daƙiƙa 7, gudun karatu kuma ya tsaya wajen haruffa 17 zuwa 20 a daƙiƙa. Idan jimla ta yi tsawo a rage ta, kada a ƙanƙance rubutun. Manhajojin Subtitle Edit da Aegisub suna nuna layin da ya zarce. A adana fayil a tsarin UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su koma akwatuna ko alamar tambaya. Idan rubutu ya fara daidai sannan ya riƙa zamewa a hankali, gudun hoto ne ya bambanta: tsakanin hotuna 23.976 da 25 a daƙiƙa, tazarar takan kai kusan minti biyu da rabi a awa ɗaya. Matsar da layin farko ba ya gyara wannan, sai an sauya gudun fayil ɗin gaba ɗaya.

Masu ɗora murya su ɗauki sauti a 48 kHz, shi ne ma'aunin bidiyo, su rage muryar asali a lokacin magana kawai, su mayar da ita da zarar an yi shiru. Cusa barkwanci a duk inda ɗan wasa ya yi shiru yana iya tafiya a fim ɗin dambe da raha, amma a fim ɗin da aka gina a kan kunya da kawaici ɓarna ce tsagwaronta. Kafin a saki aiki, a gwada shi a ƙaramar waya ba tare da abin kunne ba, tunda a nan akasarin masu kallo za su gan shi.