Yadda Ake Lissafin Tafiyar Jirgi Daga Accra Zuwa Kumasi

Tsakanin filin jirgin saman Accra da na Kumasi, wanda aka raɗa wa sunan Sarki Prempeh na Ɗaya a 2024, akwai tazarar kimanin kilomita 200 ta sama, alhali hanyar mota da ta ratsa Nsawam da Suhum da Nkawkaw da Konongo ta kai kusan kilomita 250. Jirgi yana cinye wannan tazara cikin minti 40 ko kusa da haka, amma duk wanda ya tsara tafiyarsa a kan minti 40 ɗin nan kaɗai zai makara.

Abin da ya kamata shi ne ka fara lissafi daga lokacin da ake jiranka a Kumasi, sannan ka dawo baya. A ce ɗaurin aure za ka halarta a Aboabo bayan sallar Azahar. Filin jirgin Kumasi a cikin gari yake, kusa da Aboabo da Asawase, don haka rabin awa zai ishe ka ɗaukar jaka da shiga tasi har ka isa. Ka ɗora minti 40 na sama, ka ƙara aƙalla awa guda da ake so fasinja ya iso kafin tashi, domin ana rufe karɓar kaya tun jirgi bai kira fasinja ba.

Sauran lissafin ya danganta da unguwarka, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure. Mazaunin Nima ko Maamobi maƙwabcin filin jirgi ne, amma wanda zai taso daga Madina ko Ashaiman da safe, lokacin da motocin ma'aikata suka cika hanya, gara ya ware awa guda cur. Idan aka haɗa duka, daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida tafiyar takan kai awa uku, ita kuwa bas daga Circle, inda tashoshin mota suke a Accra, takan ɗauki awa biyar, wani lokaci har shida idan hanya ta cushe.

Jiragen cikin gida daga Terminal 2 suke tashi, saboda haka ka faɗa wa direba tun daga gida kada ya kai ka ɓangaren masu fita ƙasashen waje. Ka riƙe Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ko fasfo a aljihun gaba, kuma ka tabbata sunan da ke kan tikiti ya dace da na katin. Africa World Airlines da PassionAir ne ke zirga-zirga a wannan layi, kuma jiragensu ƙanana ne. Jirgin Embraer 145 na kamfanin farko kujera 50 yake ɗauka. Saboda haka ɗan kasuwar da zai dawo da ƙunshin atamfa daga kasuwar Kejetia ta Kumasi ya tambayi nauyin kayan da aka yarje masa kafin ya biya kuɗin tikiti, don a ganina mai kaya da yawa bas ta fi masa sauƙi.

A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo kan sa a jinkirta tashi ko a soke shi. Idan sabgar ba ta ɗaukar jinkiri, kamar jana'iza, ka nemi jirgin farko na safe, domin in an soke shi kana da sauran lokacin da za ka nufi tashar mota.