Darasi na 9: Idan Tsohon Rediyo Ya Ƙi Kama Tasha

A gidaje da yawa a Sakkwato akwai tsohon rediyo da aka jingine. Wani yana kan kabad, wani a ƙarƙashin gado, wani an rataye shi a zaure ƙura ta rufe shi. In an tambaya sai a ce ya mutu. Amma in aka sa masa batir sai a ji yana yin shuuu, ko ya kama tasha ɗaya ya ƙi sauran. Duk rediyon da ke fitar da sauti yana da sauran rai. Sau da yawa abin da ya same shi ƙarami ne, kuma mai shi zai iya gyarawa da hannunsa.

Irin rediyon da muke magana a kai shi ne mai allura, wanda ake murɗawa a nemi tasha, kamar tsofaffin National Panasonic da Philips da Sony. Ana ce masa mai taransista. Taransista ɗan ƙaramin abu ne mai ƙafa uku da ke ƙara wa sauti ƙarfi. A Amurka aka ƙirƙiro shi a 1947, kuma a 1954 aka fara sayar da ƙaramin rediyo mai aiki da shi. Shi ya sa rediyo ya rage girma da cin wuta, har ya shiga jakar ɗan tireda da ratayar makiyayi. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, kuma a irin wannan akwati iyayenmu suka saurare su. An yi waɗannan rediyo da ƙwari. Abin takaici ne a zubar da su saboda zaren allura ya tsinke.

Ku fara da karanta fuskar rediyo

Kafin a ɗauki sukundireba, a karanta abin da aka rubuta a gaban rediyo. Za ku ga haruffa iri uku. MW shi ne matsakaicin zango. SW shi ne gajeren zango, inda ake kama tashoshin ƙasashen waje. FM kuma na tashoshin kusa ne. Lambobin MW suna tashi daga wajen 530 zuwa 1600. A wasu rediyo an cire sifilin ƙarshe, sai ku ga 54, 60, 80, 100, 160. Lambobin FM daga 88 zuwa 108 ne.

A duba lambobin FM da kyau in rediyon na hannu ne da aka shigo da shi daga waje. Tsohon rediyon da aka yi don amfani a cikin Japan, lambobinsa daga 76 suke farawa su tsaya a 90. Irin wannan ba zai kama tashar da ke kan 97 ko 103 ba, komai lafiyarsa. Haka aka gina shi.

Gajeren zango yana da hali nasa. Da rana mita 19 da 16 sun fi kamawa. Da dare da asuba mita 49 da 41 da 31 sun fi. Bayan haka, tashoshin waje sukan sauya wurin zamansu sau biyu a shekara, a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, wasu kuma sun rage shirye-shiryensu a wannan zango sun koma FM da intanet. In kun nemi tasha inda kuka saba ba ku same ta ba, ku tambayi maƙwabci ko shi yana samunta kafin ku zargi rediyonku.

Batir, wuri da eriya

Batir ne ya fi kowa laifi. Idan ya yi sanyi, murya takan shaƙe, tasha ta riƙa zamewa sai an bi ta da murɗi, gajeren zango kuma yakan riga sauran ɗaukewa. Kowane batir bolt 1.5 ne. Rediyo mai cin huɗu bolt 6 yake bukata. A sauya su duka lokaci ɗaya. Kada a haɗa sabo da tsoho, domin tsohon zai janye sabon, kuma shi ne zai fara yoyo. Shanya batir a rana dabara ce ta ɗan lokaci, ba za a gwada rediyo da irinsa a gane gaskiya ba.

A leƙa gidan batir. In akwai farin gari ko tsatsa a kan ƙarafan da batir ke taɓawa, a goge da samfefa har ƙarfe ya yi haske, a wanke hannu bayan an gama. In sifirin ɗin ya kwanta, a ɗan ja shi ya miƙe don ya matse batir.

Sai wurin da aka ajiye rediyo. Cajar waya, da ƙwan lantarki irin na yanzu, da inbatar sola, da janareto, duk suna zuba ƙara a MW da SW. Gwajin ba wuya. A ɗauki rediyo da batir a fita tsakar gida, nesa da wayoyi. In ƙarar ta tafi, rediyo lafiya lau yake. Ƙaras-ƙaras da ake ji da damina in hadari ya haɗo, walƙiya ce, ba ta da magani sai haƙuri.

Eriya biyu ce a jikin rediyo, ko da yake ɗaya ake gani. Doguwar ta waje ta FM da SW ce. A zare ta duka, a duba ƙusar da ke gindinta ko ta kwance. Ta MW tana ciki, baƙar sanda ce da aka naɗe da siririyar waya. Ita tana da gaba da gefe. Shi ya sa in mutum yana Illela ko Tambuwal yana neman tasha a matsakaicin zango, ɗaga doguwar eriya ba zai ƙara masa komai ba. Rediyon gaba ɗaya zai juya a hankali har murya ta fito sosai.

Zaren allura

In duk wannan bai yi ba, yanzu za a buɗe. A cire batir. In mai jona wa wuta ne, a zare wayar daga bango tukuna, wutar gida tana kisa. A shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma, a sa ƙusoshi a murfin kwalba don kada su ɓace cikin rairayi.

Ga yadda neman tasha yake aiki. Abin murɗawa yana da ɗan ƙarfe a bayansa. An naɗa zare a jikin ƙarfen sau biyu ko uku. Zaren ya bi ta kan ƙananan ƙafafu, ya ɗauki allura, ya zagaye wani faifai. Faifan yana juya wani ɗan akwati da masu gyara ke kira kwandansa, kuma shi ne ainihin mai zaɓen tasha. Allura nuni kawai take yi. Wani ɗan sifirin a jikin faifan shi ke riƙe zaren ya yi tauri. Aikin kamar guga da igiya ne a bakin rijiya: in igiya ta saki, ja bai kawo ruwa.

Ku murɗa a hankali kuna kallo. Abu uku ne zai iya faruwa, kuma kowanne da maganarsa.

Idan kuna murɗawa amma allura ba ta motsi, tasha ma ba ta sauyawa, zaren ne ya tsinke ko yake santsi. Santsi yakan zo daga maiƙo. Mutum ya ci ƙosai ko nama ya murɗa rediyo, shekara da shekaru, maiƙo ya gangara ya haɗu da ƙurar hunturu. A jiƙa auduga da sifirit irin na kemis, a goge ƙarfen da zaren ke naɗe a kai, a bar shi ya bushe. In zaren ya yi sako-sako, a matsar da ƙugiyar sifirin zuwa rami na gaba in akwai, ko a ƙara ƙulli ɗaya a bakin zaren don ya gajarta. Kada a ɗiga man keke ko man gyaɗa a nan. Maiƙo shi ne ciwon, ba zai zama magani ba.

In zaren ya tsinke, kada ku yi gaggawar zare shi. Wannan shi ne wurin da aka fi yin asara. Ku ɗauki hotonsa da waya, ko ku zana hanyarsa a littafinku: daga ina ya taso, ta kan wace ƙafa ya bi, sau nawa ya naɗe ƙarfe, ta dama ko ta hagu. Wanda ya cire bai zana ba, zai iya ɗaurawa ya ga allura tana tafiya baya, yana murɗa dama tana yin hagu. Sabon zare ya zama mai ƙarfi, marar miƙewa, kaurinsa daidai da tsohon. Siririn zaren masu ɗinkin takalmi yana yi in ba a shafe shi da kaki ba. Zaren ɗinkin tufafi ba ya jimawa, zaren roba mai sulɓi kuma zamewa yake yi. A gwada tsawon da tsohon zare, a ƙara ɗan saura don ƙulli.

Idan allura tana tafiya amma tasha ɗaya ake ji ko'ina, a duba tsakiyar faifan. Akwai ƙusa da ke haɗa shi da kwandansa. In ta kwance, faifai yana juyawa shi kaɗai. A ɗaure ta.

Idan tashoshi suna fitowa amma ba a kan lambarsu ba, allura ce ta zame a jikin zare. A kama tashar da aka san lambarta, a riƙe zaren da yatsa, a tura allura zuwa lambar. Ɗigon gam kaɗan zai tsayar da ita.

Ƙura, faɗuwa da zafi

Wani rediyon yana ƙara kamar ana yaga takarda duk lokacin da aka murɗa, ko ya yi tsit a rabin fuska, galibi ɓangaren ƙananan lambobi. Wannan daga cikin kwandansa ne. A manyan tsofaffin rediyo, faranta ne na ƙarfe a fili, wasu suna shiga tsakanin wasu ba tare da sun taɓa juna ba. Ƙura ko saƙar gizo-gizo ko ginin zanzaro kan shiga tsakani. A share da busasshen buroshi mai laushi, sannan a zura tsinken takarda tsakanin farantan. In ɗaya ya lanƙwashe yana gugar ɗan'uwansa, nan ne tasha ke ɗaukewa. A ƙananan rediyo kuwa, kwandansan a rufe yake cikin farar roba. Wannan in ya lalace sai sauyi, aikin mai gyara ne.

Idan zango ɗaya ne ya mutu sauran suna aiki, a fara zargin makunnin da ke sauya MW da SW da FM. Mutumin da ya shekara yana sauraron FM kaɗai, datti ya kwanta a sauran haƙoran. A yi ta kai shi da komowa sau ashirin ko talatin. In bai isa ba, a ɗiga sifirit kaɗan a ciki, a sake motsawa, a jira ya bushe kafin a mayar da batir.

Idan MW ne ya raunana bayan rediyo ya faɗi, a duba baƙar sandar nan. Tana karyewa kamar yadda tangaran ke yi, kuma wayoyinta sun kai gashi siranta. In ɗaya ta tsinke sai an like ta da dalma. Da kaki ake riƙe naɗin wayar a jikin sandar. A watan Afrilu zafin Sakkwato yana wuce digiri 40, rediyon da aka bari a rana ko cikin mota kakinsa na iya yin laushi naɗin ya gusa. Don haka a ajiye shi a inuwa, a rufe shi da ƙyalle lokacin hazo.

Ƙusoshin da ba a taɓawa

A cikin rediyo za ku ga wasu ƙananan gwangwanaye masu kusurwa huɗu. Kowanne yana da ƙusa mai launi a kansa: ja, rawaya, fari, baƙi. A bayan kwandansa ma akwai ƙananan ƙusoshi. Suna kama da waɗanda suka kwance suna jiran a ɗaure. Kada ku taɓa su. Da na'ura aka daidaita su a masana'anta, don duk tashar da aka kama a MW ko SW ta bi ta ƙofa ɗaya, wadda a yawancin rediyo take kan 455. Rabin juyi ya isa ya kurumtar da rediyo. Ƙusar kanta ba ƙarfe ba ce mai ƙwari, sukundireba na iya farfasa ta a ciki. Rediyon da zarensa ya tsinke gyaran yini ɗaya ne. Wanda aka murɗe wa waɗannan ƙusoshi duka, ko gwani sai ya sha wahala, wani lokaci ma ya mayar wa mai shi. Ku hana yara, ku hana kanku.

Haka nan in rediyo yana fito, ko yana bugawa fat-fat-fat ko da sabon batir, wasu kayan ciki ne suka bushe don tsufa. A kai wa mai gyara. Amma a je da bayani. In ya ce, "Baba, mi yas same shi?" kada amsa ta zama, "Ɗana, ya dai lalace." A ce masa, "Na sa sabon batir. FM yana yi. MW yana ɗaukewa daga 80 zuwa ƙasa. Ban taɓa ƙusoshi masu launi ba." Mai wannan bayani ya rage wa mai gyara bincike, kuma zai fahimci abin da ake karɓar kuɗinsa a kai. A nemi a ba ku abin da aka cire.

Aikin aji

Kowa ya kwafi haruffa da lambobin da ke fuskar rediyon gidansu a littafinsa, ya karanta wa na kusa da shi. Sannan a yi wannan lissafi. A gajeren zango, in aka raba 300 da lambar da ke fuskar rediyo, ana samun mita. Misali, 300 a raba da 12 ya ba da 25, wato mita 25. To, 300 a raba da 6 nawa ne, kuma wace mita ce ta fi kusa da amsar? A sake yi da 15.

Mako mai zuwa, duk mai tsohon rediyo a gida ya zo da shi, tare da sabon batir, da ƙaramin sukundireba, da farin ƙyalle. Za mu buɗe ɗaya a gaban aji, kowa ya zana hanyar zarensa.